Yadda Ake Sirka Fenti Don Alƙalamin Feshi

Duk yaron da ya fara riƙe eyaburosh, wato alƙalamin feshin fenti da iska, a shagona, tambayarsa ta farko ɗaya ce: "Oga, ɗigo nawa zan sa?" So yake in ba shi lamba ya haddace, fenti kaza tina kaza, ya huta. Ni ma haka na tambayi maigidana shekarun baya, a wata rumfa kusa da kasuwar Panteka a Kaduna inda muke rubuta allunan shaguna da zanen bayan manyan motoci. Bai ba ni lamba ba. Tsohuwar jarida ya miƙo mini ya ce, "Fesa a nan tukuna, yaro. Takarda ce za ta gaya maka." A ranar na ji haushi. Yau da wannan maganar nake cin abinci.

Abin da ya hana a sami lamba ɗaya shi ne, abubuwa huɗu ne ke ja-in-ja a duk feshi: kaurin fentin, faɗin ramin nozil (bakin da fenti ke fita), ƙarfin iska, da yanayin garin a wannan rana. Ka taɓa ɗaya, sauran ukun sun motsa. Haɗin da ya kwanta sumul a kan allo cikin ruwan Agusta, shi ne zai sauka kamar yashi a Janairu idan hunturu ya buso. Don haka lambobin da zan ambata a nan wurin farawa ne. Abin da nake so ka ɗauka shi ne yadda ake lalubo haɗin da ya dace da aikin da ke gabanka.

Abin da ke faruwa a bakin alƙalamin

Ramin da fenti ke fita ta cikinsa a eyaburosh yawanci tsakanin milimita 0.2 ne zuwa 0.5, kuma wanda ya fi yawa a hannun mutane shi ne mai 0.3. Wannan ramin ma ba a buɗe yake ba, allura ce zaune a cikinsa. Idan ka ja kunama baya, allurar ta ja da baya kaɗan, fentin ya sami 'yar tazara a kewayenta. Iska kuma tana wucewa da gudu ta gefen bakin, ta zuƙo fentin, ta farfasa shi ya zama hazo. Fenti mai kauri ba ya farfashewa. Ko dai ya fito gutsi-gutsi ko ya tsaya cik.

Shi kansa fentin abu uku ne a haɗe. Akwai garin launi, akwai danƙon da ke manne garin da jikin abin da aka fesa, sai ruwan da ke ɗauke da su wanda daga baya yake ƙafewa. Sirkawa ƙarin na ukun ne kawai. Daga nan abu biyu suka fito waɗanda ya kamata su zauna maka a kai. Na ɗaya, sirki ba ya ƙanƙanta ƙwayar garin launi. Shi ya sa fentin bango na bokiti, emolshan, ko ka mayar da shi ruwa tsararo sai ya toshe nozil mai 0.3, domin garinsa bai yi laushin da zai wuce ba. Na biyu, duk ɗigon da ka ƙara yana raba danƙon ya ragu a kowane wuri. Idan ka zarce, launi zai hau, ya bushe, ya yi kyau a ido, amma ka goga yatsa sai ya biyo ka.

Mataki na farko: san dangin fentinka

Nan ne ake yin asarar da ta fi zafi, kuma nan ne ya fi sauƙin kauce mata. Kowane fenti da abin sirkinsa, ba a yi musu auren dole.

Akirilik na ruwa, irin su Createx na Amurka da Vallejo na Sifen da waɗanda ake sayarwa a tub ga ɗaliban zane, ruwa mai tsabta suke so ko sirkin da kamfaninsu ya yi. Wasu ma an riga an sirka su daga masana'anta, kamar Vallejo Model Air da Golden High Flow; waɗannan ka fara gwada su yadda suke kafin ka ƙara komai. Akirilik na Tamiya, na Japan, shi kuma yana da sinadarin alkohol a cikinsa, sirkinsa shi ne X-20A. Ka lura da harafin A ɗin nan, domin X-20 marar A na fentin mai ne, kuma kwalaben sun yi kama.

Fentin mai, wato gulos ɗin da ake shafa wa ƙofofi da tagogin ƙarfe da sauran inamel, tafentain yake sha ko wayit-sifirit. Fentin mota na selulos da otobes kuwa tina suke so, kuma gara tinar da aka yi domin su.

Na koyi wannan da tsada. Wata rana ina da allon wani shagon ɗinki da zan miƙa da yamma, fentin akirilik na ruwa yana ta toshewa, sai na ɗauko sifirit na kemis na tsiyaya a kofin, don na ga ana yi wa wani fenti haka. Kafin in juya sau uku ya dunƙule kamar madarar da aka matsa wa lemon tsami. Sai da na kwance alƙalamin gaba ɗaya na yi ta tsintar danƙo daga cikinsa har bayan la'asar, allon kuma ya kwana. Tun daga nan na ɗauki wata ɗabi'a da nake so kai ma ka ɗauka: duk sabon fenti da sabon sirki, ka fara haɗa ɗigo biyu-biyu a murfin kwalba, ka juya, ka jira minti biyu. Idan sun narke cikin juna lafiya lau. Idan ka ga gudaji, ko zare-zare, ko sun rabu kowa ya kama gefensa, ba dangi ba ne.

Fetur da kananzir fa? Na san ana yi, na gani da idona a garejin da ba ɗaya ba biyu ba. Kananzir yana hana fenti bushewa da wuri, ya bar shi da danƙo-danƙo, ƙurar Kaduna ta zo ta zauna a kai. Fetur kuma idan ka mayar da shi hazo a rumfar da maƙwabcinka mai walda ne, ranka ka sa a caca. Kuɗin da za ka rage bai kai ba.

Abu biyu kuma game da tina. Tana da ƙarfin da idan ka fesa fentin selulos a kan fentin mai, na ƙasan zai yamutse ya tashi. Mai ƙarfi a ƙasa ake sa shi, mai sanyi a sama. Sannan yawancin eyaburosh masu araha zoben roba ne a cikinsu, tina tana kumbura shi har allura ta fara ƙin motsi. Waɗanda aka yi don irin wannan aiki, kamar da yawa daga na Iwata da Harder & Steenbeck, zoben Teflon ne a wajen allurar. Ka duba takardar naka kafin ka ɗura masa tina.

Mataki na biyu: tanadi, da maganar ruwa

Kayan ba su da yawa: ƙananan kwalabe masu haske da murfi, sirinji marar allura mai ml 5 ko 10, tsinke ko sandar juyawa, abin tacewa, tsohuwar jarida da farar takarda, da tsumma marar gashi. Sirinji ya fi ƙirgen ɗigo aminci, domin ɗigon fenti mai kauri ya fi ɗigon ruwa girma. Ɗigon ruwa 20 shi ne kusan ml 1.

Ruwan da za ka sirka akirilik da shi ya cancanci a tsaya a kansa. Ruwan rijiya da na famfo sukan zo da laka da gishirin ƙasa, musamman da damina idan ruwa ya yi ja. Idonka ba zai gani ba, amma nozil zai gani. Ruwan leda ya fi su, kuma ga aikin allo ya wadatar. Wanda ya fi duka shi ne tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota. Sai dai a nan ka yi hattara sosai: abu biyu ake kira ruwan batir a kasuwa, ɗaya tataccen ruwa ne zalla, ɗaya kuma asid ne a ciki. Ka faɗa wa mai sayarwa ƙarara cewa marar asid kake so, idan ka zo gida kuma ka ɗiga kaɗan a kan guntun kanwa. In ta yi kumfa tana tsuwwa, asid ne, kada ya kusanci alƙalaminka.

Ruwan goge gilashi da wasu ke amfani da shi, idan mai amoniya ne, a hankali yake cinye rufin kurom na cikin kofi ya taɓa tagullar da ke ƙasa. Ni ba na sa shi.

Mataki na uku: haɗawa

Ka fara da juya fentin a cikin gwangwaninsa ko kwalbarsa har ƙasa. Garin launi yana kwanciya, danƙo ya taso sama; wanda ya ɗebi saman kawai ya ɗebi rabin fenti. Girgizawa kaɗai ba ta isa ga kwalbar da ta yi wata uku a kanta. Ka sa tsinke ka ji ƙasan ya saki.

A kwalba daban ake haɗi, ba a kofin eyaburosh ba. Kofin yana da wani lungu a ƙasa inda allura ke wucewa, fenti mai kauri yakan gangara can ya zauna inda tsinke ba ya kaiwa, sai feshinka na farko ya zama toshewa. In gaggawa ta sa dole ka haɗa a kofin, sirki ne zai fara shiga, fenti ya biyo baya.

Ga inda nake farawa, da nozil mai 0.3. Tamiya: fenti kashi 1, sirki kashi 1, wani lokaci har kashi 2 idan siririn layi nake nema. Createx: sirki kamar kashi 1 cikin 10 na yawan fentin, in juya, in bar shi ya huta minti 10 kafin in fesa, hutun nan yana da tasiri, kada ka raina shi. Fentin mai: kusan rabi da rabi. Selulos: fenti 1, tina 1 da rabi zuwa 2. Akirilik na tub shi ne mai wahala, domin an yi shi da kauri ne don buroshi ya bar sawu. Yakan sha sirki kashi 3 ko 4 ko fiye, kuma idan duka ruwa ne danƙonsa zai mutu. Maganin haka shi ne midiyam na eyaburosh, wato danƙon akirilik marar launi wanda aka yi shi ruwa-ruwa. Ka raba sirkin biyu, rabi ruwa rabi midiyam. A kan takarda ko katako mai shan ruwa za ka iya tsira da ruwa zalla, amma a kan roba, gilashi, ko hular kwano, ba za ka tsira ba.

Yadda ake zubawa ma yana da ƙa'ida, kuma duk wanda ya taɓa kallon mai koko tana damu ya san ta. Ba a kwarara ruwa gaba ɗaya a kan gasara. Da kaɗan ake fara kashe gudajin har ya zama laushi ɗaya, sannan a riƙa ƙari. Haka fentin tub. Ɗigo kaɗan, ka murza har ya yi santsi, ka ƙara, ka murza. Idan ka kwarara sirkin lokaci ɗaya za ka ga ƙananan gudaji suna iyo, kuma ba za su narke ba ko ka kwana kana juyawa.

Mataki na huɗu: gwajin ido

Kaurin da ake nema shi ne na madara sabuwar tatsa, ko ta gari da mai shayi ya dama. Ba kindirmo ba, ba kunun gyaɗa ba, ba kuma ruwan zoɓo ba. Ka ɗebo da tsinke ka shafa a jikin kwalbar daga ciki. Haɗi mai kyau yana gangarowa cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, ya bar siririn mayafin launi a bayansa wanda haske ke ɗan ratsawa. In ya tsaya yana jan ƙafa, ya yi kauri. In ya zube ya bar gilashin kusan fari, ka zarce, ƙara fenti. Ka kuma ɗaga tsinken sama: ɗigo ya taru ya faɗi nan take, kada ya ja zare.

Mataki na biyar: tacewa

Minti ɗaya ne, kuma yana ceton awa guda. Masu kayan fentin mota suna sayar da matacin takarda mai kamar mazurari, akwai mai maikiron 190 da mai 125. Na biyun ya fi lallausan ido. In babu, yanki daga siririyar safar nailan ta mata ko tsohon gyale mai ƙananan ido, a ɗaure a bakin kwalba, yana yi ga fentin ruwa. Duk fentin da aka taɓa buɗewa yana da busasshen ɓawo a bakin murfi, kuma ɓarɓashi ɗaya ya isa ya rufe ramin 0.3.

Mataki na shida: iska, da karatun takarda

Ka cika kofi zuwa rabi kawai. Ka saita rigileta, wato abin daidaita ƙarfin iskar kwamfaresa, alhali kana danne da kunama iska tana fita, domin allurar geji takan sauka da zarar iska ta fara gudu, kuma wannan lambar ta ƙasa ita ce ta gaskiya. Ga alƙalami mai kofi a sama da nozil 0.3, fara daga PSI 18 zuwa 20; PSI shi ne ma'aunin ƙarfin iska da ke jikin geji. Mai 0.2 da fenti tsararo, 10 zuwa 15. Mai 0.5 da firaima (fentin shimfiɗa na farko) ko fenti mai nauyi, 25 zuwa 30. Mai kwalba a ƙasa, irin na masu zanen riguna, sai iska ta ɗago fentin sama, don haka yakan nemi 40 ko fiye. In gejinka da ma'aunin "bar" yake ƙirga, bar 1 kusan PSI 14.5 ne.

Yanzu takarda. Iska ake fara dannawa, sannan a ja baya fenti ya fito. Wajen tsayawa kuma fenti ake fara yankewa, iska ta biyo baya. Ka ja siririn layi daga tazarar santimita 1 zuwa 2, ka ɗiga ɗigo-ɗigo, sannan ka ja baya santimita 10 zuwa 15 ka cika ɗan murabba'i. Ka kawo takardar wajen haske ka karanta.

Idan gefen layin yana da tartsatsin manyan ɗigo, ko fentin yana fita yana yankewa kamar mai tari, kauri ne ko ƙarancin iska. Ka fara ƙara sirki ɗigo biyu. Mutane da yawa rigileta suke fara murɗawa sama, fentin ya fito da ƙarfin tsiya, hazo ya cika shago, rabin fentin ya tafi a iska. Ni sirki nake fara taɓawa.

Idan ɗigon ya fashe ya yi ƙafafu kamar gizo-gizo, fentin ya yi ruwa da yawa ga wannan iskar, ko ka matso kusa ainun, ko ka ja kunama da yawa. Kafin ka ƙara fenti, rage iska ka gani. Sau da yawa haɗin da ya yi ƙafar gizo a PSI 25 shi ne ke ba da layi kamar gashi a 12. Fenti tsararo da iska kaɗan, wannan shi ne sirrin inuwar fuska da ƙananan rubutu.

Idan murabba'in ya bushe ka shafa ka ji kamar samfefa, fentin ya bushe ne a hanya kafin ya sauka. Nisa ya yi yawa, ko iska, ko sirkin yana saurin ƙafewa. Idan ya yi gurɓi-gurɓi kamar ɓawon lemo, kauri ne bai samu ya baje ba. Idan ka ga ƙananan ramuka masu zagaye fenti yana gudun tsakiyarsu, wannan ba laifin sirki ba ne, maiƙo ne a jikin aikin ko a cikin iskar. Masu amfani da kwamfaresar firji da aka gyara, ko irin ta mai faci, su suka fi gamuwa da shi, domin tana tofo mai a tiyo. Sai da matacin mai a hanya. Kumfa a cikin kofi kuma alamar iska ce ke komawa baya: nozil ya toshe, ko ya tsage, ko murfin bakin bai ɗauru ba.

Ƙa'ida ɗaya a duk wannan: abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Ka ƙara sirki, ka rage iska, ka matso kusa duk tare, ko ya gyaru ba ka san wanne ya gyara ba, gobe kuma ka dawo inda kake.

Takarda tana shan ruwa, saboda haka takan rufa wa haɗi asiri. Idan aikin a kan ƙarfe ne ko roba, gwaji na ƙarshe ka yi shi a kan guntun langa-langa ko bayan cokalin roba. In ya bushe ka manna salatif ka ɓanɓare. Launi ya biyo shi, danƙo ya yi kaɗan, ko wurin yana buƙatar firaima.

Hunturu da damina

Takardar da ke jikin kwalba ba a Kaduna aka rubuta ta ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska takan bushe har leɓe ya tsage, kuma abin da take yi wa leɓenka shi take yi wa tsinin allura. Za ka fara feshi lafiya, bayan minti ɗaya layi ya fara siririncewa, ka ja kunama, sai ya tofo gudaji a tsakiyar aikin. Fenti ne ya bushe a tsini. Akirilik na ruwa ya fi kowa wannan hali, fari kuma ya fi kowane launi.

Abin da nake yi a wannan lokaci: ina ƙara sirki kaɗan fiye da na sauran shekara, ina rage iska da PSI 2 ko 3, ina matsowa kusa. Ba na sa komai mai alkohol zalla, domin yana ƙara saurin bushewa. Ina sa ritada, wato maganin jinkirta bushewa, ko abin da Vallejo ke sayarwa don santsin gudu, ɗigo 1 cikin ɗigon fenti 10. In babu, gilisarin na kemis yana taimakawa, amma a cikin kwalbar ruwan sirki ake sa shi, ɗigo 2 ko 3 a ml 100. Kada ka ɗiga shi kai tsaye a kofi. In ya yi yawa fentin zai kwana biyu yana kama yatsa, ga ƙura tana jira. Sannan ina ajiye ɗan soso jiƙaƙƙe a gefe, duk bayan minti biyu in tsunkule tsinin a hankali in share. Allurar siririya ce, lanƙwasa kaɗan ta gama mata aiki. Da sassafe nake feshi, bayan na yayyafa ruwa a ƙasan shago ƙura ta kwanta. Zafin Maris da Afrilu ma haka yake nema, har da rufe murfin kofi don kada haɗin ya yi kauri kana tsakar aiki.

Da damina labari ya juya. Daga Yuni zuwa Satumba iskar da kwamfaresa ke matsawa cike take da danshi, ya taru ya zama ruwa a tanki da tiyo. Kana cikin feshi sai ka ji "fit", ɗigon ruwa ya sauka a aiki. Wanda bai sani ba sai ya ce fenti ya yi ruwa, ya ƙara kauri, ya shiga wata matsalar. Ka zubar da ruwan ɗan kofin da ke ƙarƙashin rigileta kafin ka fara da kuma tsakiyar aiki, ka kwance ƙusar ƙasan tanki duk yamma. Akirilik a wannan lokaci ba ya son ritada sam, kuma sai ka yi haƙuri tsakanin shafi da shafi, in ba haka ba ya zubo da hawaye.

Masu selulos kuma suna da tasu jarrabawar. Ka fesa baƙi mai sheƙi da safiyar da aka kwana ana ruwa, ya bushe da wani fari-fari kamar hazo. Tina mai saurin ƙafewa tana sanyaya fuskar fentin, raɓa ta sauka a kai ta maƙale a ciki. Tina mai jinkiri ake nema, ko ɗan ritada na selulos, ko ka jira hantsi ya ɗaga rana ta fito.

Waɗanda ke da halinsu daban

Farin fenti garinsa na taitaniyam ne, mai nauyi da rufewa, yana neman sirki fiye da baƙi ko shuɗi na kamfani ɗaya. Kada ka nemi ya rufe a shafi ɗaya. Siriri sau uku ko huɗu. Ruwan azurfa da na zinariya suna da ɓarɓashin ƙarfe, nozil 0.4 ko 0.5 suke so, kuma suna kwanciya a kofi cikin minti kaɗan, sai kana juyawa. Fentin riga in ya sha ruwa da yawa yana bin zare ya yaɗu, ya kuma fita a wanki na biyu; sirki kaɗan, iska da yawa, bayan ya bushe a ɗora kyalle a goge da dutsen guga mai zafi.

'Yan'uwa mata masu yin kek da masu kwalliyar amare, ku kam babu ruwanku da komai na sama sai karatun takarda. Kalar abinci ta ruwa da aka yi don feshi, da hodar ruwa ta fuska da aka yi don feshi, su kaɗai. Alƙalamin da ya taɓa shan fenti ko tina kada ya kusanci abinci ko fatar mutum, komai wankin da aka yi masa.

Huhunka

Sirki yana sa hazon ya yi laushi, hazo mai laushi kuma shi ne ke shiga can cikin ƙirji. Takunkumin kyalle ba ya tare tururin tina. Ga fentin mai da na mota kana buƙatar takunkumin roba mai gwangwanin gawayi, nau'in A mai ɗamarar ruwan ƙasa, haɗe da matacin ƙura P2 ko P3. Akirilik na ruwa ma a sa masa matacin ƙura, rashin wari ba ya nufin rashin illa. Fentin mota mai hadna, wato sinadarin da ke sa shi ya yi tauri, wanda ake kira 2K, yana da sinadarin aisosayanet mai haddasa asma, ba na shagon da ke rufe ba ne. Launukan tub masu kadmiyam, ja da rawaya da ruwan lemo, ba a fesa su. Za ka ga gargaɗin a jikin tub ɗin. Janareta da kurfoti su yi nesa da inda tina take.

Bayan an gama

Ka juye ragowar, ka share kofi, ka zuba abin sirkin wannan fentin ka fesa a tsumma har ya fito fari. Ka zaro allura ka goge daga gindi zuwa tsini. Akirilik idan ya bushe a nozil ruwa ba ya narkar da shi kuma, don haka kada ka tafi salla ko cin abinci ka bar fenti a kofi. Kurkurawar ba ta kai minti biyu ba.

Ragowar haɗin kada ya koma cikin gwangwanin asali. Ka rufe shi a kwalbarsa. Na ruwa ka ƙarar da shi cikin kwana kaɗan, domin garin yana kwanciya ya daskare, wani ma har ya yi wari. Ka yanke guntun takardar gwajin da ta yi kyau ka manna a littafi, ka rubuta a gefenta sunan fentin, kashi nawa da nawa, nozil, lambar geji, abin da aka fesa a kai, da watan. A nawa littafin, jan Createx ɗaya yana da shafi biyu, ɗaya na Janairu ɗaya na Agusta, kuma idan sabon yaro ya tambaye ni ɗigo nawa, littafin nake miƙa masa tare da jarida.